Farautar ɓoyayyar ajiya da GPS: Asalin wasan, ƙa'idojinsa da amfaninsa ga matasan Dayi, Malumfashi da Funtua

Farautar ɓoyayyar ajiya, wadda ake kira geocaching da Ingilishi, wasa ne da ake yi a fili ta amfani da wayar hannu ko wata na'ura mai GPS. Wani zai ɓoye ɗan ƙaramin mazubi a wani wuri, ya ɗauki lambobin da ke nuna ainihin matsayin wurin a doron ƙasa, ya wallafa su. Wasu kuma za su bi lambobin har su gano mazubin, su rubuta sunansu da kwanan wata a takardar da ke ciki, sannan su mayar da shi yadda suka same shi domin na baya. Yanzu akwai irin wannan ajiya fiye da miliyan 3 a ƙasashe sama da 190, kuma iyalai da 'yan makaranta na cikin waɗanda suka fi rungumar wasan.

A Najeriya wasan bai yi ƙarfi ba. Sai dai ilimin da ke ƙarƙashinsa, wato iya karantawa da rubuta lambobin wuri, ya riga ya shiga aikin rigakafin shan-inna, awon gonaki, rajistar filaye da bibiyar ayyukan gwamnati. Wannan bayani ya duba asalin wasan, yadda fasaharsa ke aiki, ƙa'idojinsa, da yadda za a iya yin sa a yankin noma na kudancin Katsina, inda matsalar tsaro ta sa ɓoye abu a daji ko yawo da waya a bakin gona ya zama al'amarin da sai an yi taka-tsantsan.

Asalin wasan

Ma'aikatar Tsaron Amurka ce ta fara aikin GPS a shekarar 1973. An harba tauraron farko a 1978, tsarin kuma ya kammala a 1995. Tun a 1983, bayan da Tarayyar Sobiyat ta harbo wani jirgin fasinja na Koriya ta Kudu da ya ɓace hanya ya shiga sararin samaniyarta, Shugaba Ronald Reagan ya yi alkawarin barin fararen hula su yi amfani da tsarin. Amma sojoji sun ci gaba da gurɓata siginar da ake bai wa jama'a da gangan, ta yadda na'ura kan yi kuskuren da ya kai mita 100. Da irin wannan kuskure ana iya gano gari, amma ba a iya gano gindin bishiya guda.

A ranar 1 ga Mayun 2000 Shugaba Bill Clinton ya sanar da daina gurɓata siginar, cikin dare kuma aka kashe dabarar. Washegari masu na'urorin GPS suka tarar ingancinsu ya ninka kusan sau goma. A ranar 3 ga Mayu wani masanin kwamfuta mai suna Dave Ulmer ya ajiye baƙin bokiti a dajin da ke kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya zuba masa littattafai da faifan bidiyo da gwangwanin wake da wasu 'yan kayayyaki, tare da littafin sa hannu. Ya wallafa lambobin wurin a intanet, da sharaɗin cewa duk wanda ya ɗauki wani abu ya bar wani a madadinsa. Cikin kwanaki kaɗan Mike Teague ya gano bokitin, wasu kuma suka fara ɓoye nasu.

A ƙarshen watan Mayun ne Matt Stum ya ƙirƙiro sunan da ake kiran wasan da shi yau, ta hanyar haɗa kalmar da ke nufin ƙasa da wadda ke nufin maɓoyar kaya. A watan Satumban 2000 Jeremy Irish ya buɗe shafin Geocaching.com da ajiya 75 kacal. Kamfanin Groundspeak da ke birnin Seattle ne ke tafiyar da shafin har yanzu. Wasan ya yaɗu har ta kai a 2008 Richard Garriott ya kai ajiya guda tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa.

Tunanin ya girmi GPS nesa ba kusa ba. A 1854 wani ɗan jagora mai suna James Perrott ya ajiye kwalba a Cranmere Pool da ke tsaunukan Dartmoor a Ingila, domin duk matafiyin da ya kai wurin ya saka katinsa. A ƙasar Hausa ma yara sun daɗe da sanin wasan ɓuya a dandali, manya kuma sun ƙware a kwatance: a wuce tsamiya, a bar rijiya a hannun hagu, a miƙe har bakin rafi. Abin da GPS ya ƙaro shi ne kwatancen da ba ya sauyawa ko an sare tsamiyar ko rijiyar ta rufta.

Yadda waya ke sanin inda take

Taurarin GPS kimanin 30 ne ke aiki, suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a rana. Kowane tauraro na ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, yana kuma watsa saƙon da ke cewa ga inda yake, ga lokacin da ya aiko saƙon. Saƙon na tafiya da saurin haske, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Waya na auna tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, daga nan ta lissafa nisanta da tauraron. Idan ta samu saƙon taurari huɗu ko fiye, sai ta fitar da matsayinta. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa a wannan lissafi na nufin kuskuren mita 300 a ƙasa, shi ya sa ake buƙatar tauraro na huɗu domin gyara agogon wayar.

Amurka ba ita kaɗai ke da irin wannan tsari ba. Rasha na da GLONASS, Tarayyar Turai na da Galileo, Sin na da BeiDou, kuma yawancin sababbin wayoyi na sauraren fiye da ɗaya a lokaci guda. Taurarin Najeriya irin su NigeriaSat-1 da aka harba a 2003 da NigeriaSat-2 na 2011 na ɗaukar hoton ƙasa ne, ba su ke gaya wa waya matsayinta ba.

Waya karɓar saƙon taurarin kawai take yi, ba ta aika musu komai. Saboda haka GPS na aiki babu data, babu kati, babu ma sabis. Mutanen kudancin Katsina sun ga lokacin da wannan bambanci ke da muhimmanci. A Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Funtua, Malumfashi da Bakori, a matsayin matakin yaƙi da 'yan bindiga. Kira da intanet sun tsaya na tsawon watanni, amma wayar da aka riga aka sauke wa taswira tana iya ci gaba da nuna wa mai ita inda yake. Hoton taswirar ne ke buƙatar data, kuma manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps na ba da damar sauke ta gaba ɗaya a ajiye.

A fili mai buɗaɗɗen sama, waya kan yi daidai cikin kimanin mita 5. Ƙarƙashin kwanon rufi, tsakanin dogayen gine-gine ko gindin dutse, kuskuren na ƙaruwa. Ke nan waya na kai mai nema kusa da ajiya ne kawai. Sauran 'yan takun ido da hankali ne ke ƙarasa su.

Karanta lambobin wuri

Kowane wuri na da lamba biyu. Ta farko na nuna nisansa arewa ko kudu da layin Ikwaita, ta biyu kuma nisansa gabas ko yamma da layin da ya ratsa Greenwich a Landan. Ana auna su da digiri. Digiri guda daga kudu zuwa arewa ya kai kusan kilomita 111, kuma ana raba shi zuwa minti 60, kowane minti kimanin mita 1,852. Funtua da Malumfashi na tsakanin digiri 11 da 12 arewa, da digiri 7 da 8 gabas. Dayi, wadda ke arewa da Malumfashi a inda hanyar Kano ta Gwarzo ta haɗu da hanyar Funtua zuwa Yashe, tana dab da layin digiri 12.

Hanyoyin rubuta lambobin sun bambanta, kuma nan ne masu koyo suka fi yin tuntuɓe. Google Maps na rubuta digiri da ɗigo da jerin lambobi a bayansa. Lamba ta biyar bayan ɗigo na wakiltar kusan mita guda. Masu farautar ajiya kuma sun saba da digiri da minti, da lambobi uku bayan ɗigo, inda ta ƙarshe ke wakiltar kusan mita 2. Wanda ya ɗauki minti 30 a matsayin kashi 30 cikin 100 na digiri, alhali rabin digiri ne, zai tsinci kansa fiye da kilomita 20 daga inda ya nufa.

Akwai kuma batun ma'aunin tushe. GPS na aiki da ma'aunin duniya mai suna WGS 84, tsofaffin taswirori da takardun safiyo na Najeriya kuwa an gina su ne a kan ma'aunin Minna. Lamba ɗaya a ma'aunan biyu na iya nuna wurare masu tazarar gomman mitoci. A wasa wannan ɓata lokaci ne kawai, amma a kan iyakar gona ko fili yana iya zama shari'a.

Ƙa'idoji da ire-iren ajiya

Kafin a wallafa ajiya a Geocaching.com, sai wani ɗan sa-kai mai tantancewa ya duba ta. Manyan ƙa'idojin su ne:

- Ba a haƙa rami a binne ajiya, ba a kuma lalata bishiya, gini ko dutse domin ɓoye ta.
- Sai da izinin mai wurin ko hukumar da ke kula da shi.
- Tazarar da ke tsakanin ajiya biyu ba za ta gaza mita 161 ba.
- Ana guje wa wuraren soja, layin dogo, harabar makarantu da duk inda ajiya za ta tayar da hankalin jami'an tsaro.
- Ba a saka abinci, magani, makami ko abin fashewa.
- Ba a amfani da ajiya wajen talla ko yaɗa manufar siyasa ko ta addini.
- Wanda ya ɗauki abu zai bar wani mai daraja irin tasa ko wadda ta fi.

Kowace ajiya na da maki biyu daga 1 zuwa 5, ɗaya na wahalar ganowa, ɗaya na wahalar hanya. Iyali masu ƙananan yara kan fara da maki 1 ko 2. Girman mazubi ya kama daga wanda bai kai kan ɗan yatsa ba har zuwa bokiti.

Ajiya ta asali ita ce wadda lambobinta ke kai mutum kai tsaye. Akwai mai zango-zango, inda kowane zango ke ba da lambobin na gaba. Akwai mai kacici-kacici, wadda sai an warware wata tambaya kafin a samu lambobin. Akwai kuma wadda ba ta da mazubi sam, mai suna EarthCache, da aka fara a 2004 tare da Ƙungiyar Masana Ilimin Duwatsu ta Amurka: mai nema zai je wurin wani dutse ko kwari ko tafki, ya lura da shi, ya amsa tambayoyi a kan yadda ya samu. Tun 2002 kuma 'yan wasan na shirya taron kwashe shara a wuraren da suke ziyarta. Buɗe asusu a shafin kyauta ne, ko da yake wasu ajiyoyin sai mai biyan kuɗin shekara ke ganin su. Masu wayar Android na da zaɓin manhajar c:geo, wadda kyauta ce.

A Afirka, Afirka ta Kudu ce ta fi yawan ajiya. Na Najeriya ƙalilan ne, don haka duk wanda zai fara wasan a Dayi ko Funtua shi ne zai fara ɓoyewa kafin a samu masu nema.

Lambobin wuri da shan-inna

Babban misalin amfanin wannan ilimi a Arewa ya fito ne daga fannin lafiya. A 2012 Najeriya ta samu yara 122 da suka kamu da ƙwayar shan-inna ta asali, fiye da rabin 223 da aka samu a duniya baki ɗaya, kuma Katsina da Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne taswirorin da ma'aikatan rigakafi ke bi zanen hannu ne, kuma ƙauyuka da rugage da yawa ba sa cikinsu. Garin da ke kan iyakar mazaɓu biyu kan faɗa tsakani, kowace tawaga na zaton ta ɗayar ce.

Daga wannan lokaci, da tallafin Gidauniyar Bill da Melinda Gates, aka zana sababbin taswirori daga hotunan tauraron ɗan'adam, aka tura mutane suka ɗauko suna da lambobin kowane matsuguni. An kuma bai wa tawagogin rigakafi wayoyi masu GPS da ke rubuta sawunsu a tsawon yini, da yamma a ɗora sawun a kan taswira a ga unguwar da aka shiga da wadda aka tsallake. Ƙungiyar eHealth Africa mai babban ofishi a Kano na cikin waɗanda suka gudanar da aikin. An ga ƙwayar ta asali karo na ƙarshe a Borno a 2016, a ranar 25 ga Agustan 2020 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ita. Taswira ba ita kaɗai ta kawo wannan nasara ba, sarakuna da malamai da ma'aikatan lafiya sun yi nasu aikin, amma ita ta nuna yaran da aka daɗe ana mantawa da su.

Gona, fili da kasafin kuɗi

Yankin Funtua da Malumfashi ƙasar masara ce da dawa da auduga da waken soya, kuma kusan duk lissafin manomi na farawa ne daga girman gonarsa: buhun taki nawa, iri nawa, kuɗin haya nawa, bashi nawa. Hekta guda murabba'in mita 10,000 ce, wato kusan eka biyu da rabi. Binciken da masana Bankin Duniya suka yi a ƙasashen Afirka ya nuna cewa masu ƙananan gonaki kan ƙiyasta gonarsu fiye da ainihin girmanta. Matashin da ya iya zagaya gona da waya ya fitar da girmanta na iya hana mahaifinsa sayen takin da ya wuce buƙata ko biyan kuɗin tarakta na filin da ba shi da shi. Awon waya ba ya maye gurbin safiyo mai lasisi a gaban hukuma ko kotu, amma ya ishe shi lissafin noma.

Rajistar filaye ma ta koma kan lambobi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, kuma jihohi sun kafa hukumomin taswirar zamani domin bayar da takardun mallaka: KADGIS a Kaduna, KANGIS a Kano, KATGIS a Katsina. Wanda bai iya karanta lambobin da ke kan takardar filinsa ba, dole ya dogara da abin da wani ya gaya masa.

Sai kuma ayyukan mazaɓu, waɗanda aka daɗe ana ware musu naira biliyan 100 a kasafin tarayya na kowace shekara. Ƙungiyar BudgIT, da aka kafa a 2011, ta buɗe shirin Tracka a 2014 domin bin sawun waɗannan ayyuka, kuma ɗaya daga cikin ƙorafe-ƙorafenta na kullum shi ne ana saka ayyuka a kasafi ba tare da bayyana takamaiman wurin da za a yi su ba. Shirin Follow The Money, wanda Hamzat Lawal ya jagoranta, ya faro ne a 2012 daga fafutukar ganin an saki kuɗin tsaftace garin Bagega a Zamfara daga gubar dalma. Hukumar ICPC ma ta fara nata bin sawun ayyukan mazaɓu a 2019.

Idan takarda ta ce an haƙa rijiyar burtsatse a wata mazaɓa, ana iya nuna kowace rijiya a ce ita ce. Idan kuwa akwai lambobin wuri da hoto mai kwanan wata, kowa na iya zuwa ya duba, gani kuma ya kori ji. Haka batun rumfunan zaɓe, waɗanda INEC ta ƙara yawansu zuwa 176,846 a 2021. Ƙungiyar matasan da ta san matsayin kowace rumfa da makaranta da asibitin mazaɓarta tana da hujjar da za ta tsaya a kai a gaban kansila ko ɗan majalisa. Matakan da ake bi wajen neman gwangwani a gindin kuka su ne dai ake bi wajen neman ajin da aka ce an gina.

Inda wasan ke cin karo da tsaro

Ko a ƙasashen da ke zaman lafiya, ɓoyayyen mazubi ya sha tayar da hankali. A 2011 an rufe tsakiyar garin Wetherby a Ingila, masu kwance bam suka tarwatsa wani akwati da daga baya aka gane ajiyar 'yan wasa ce. A Arewacin Najeriya, inda aka ga hare-haren bam irin na Kano a ranar 20 ga Janairun 2012, gwangwanin da aka naɗe aka cusa a ƙarƙashin gada ko kusa da kasuwa ba abin da kowa zai ɗauka da wasa ba ne.

Kudancin Katsina na da nata halin. A Disamban 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, maƙwabciyar Malumfashi. A Agustan 2025 'yan bindiga suka kashe gomman mutane a harin da suka kai masallacin Unguwar Mantau a ƙaramar hukumar Malumfashi. Jama'a da 'yan sa-kai da dakarun tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a 2023 duk suna farautar masu kai wa 'yan bindiga bayani. Baƙon fuskar da aka gani yana zagaye bayan gari yana duba waya yana leƙa ramuka na iya fuskantar zargin da zai kai ga duka ko abin da ya fi haka kafin ya samu damar yin bayani.

Akwai wasu fassarori biyu da jama'a ka iya yi wa wasan. Abin da aka ɓoye a gona ko kusa da gida ana iya ɗaukar sa sammu. Mai bin na'ura a cikin duwatsu kuma ana iya ɗaukar sa mai neman zinari. A ɓangaren doka, Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta hana ɗaukar hoto ko zana wuraren tsaro ba da izini ba, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa kuma ta hana tono a wuraren tarihi sai da lasisi. Wurare irin su kushewun Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani, hasumiyar Gobarau a Katsina da rijiyar Kusugu a Daura sun dace da ziyara da amsa tambayoyi, ba da ɓoye mazubi ba.

Lambobin wuri su kansu bayani ne mai haɗari. Hoton da aka ɗauka da waya na iya ɗauke da matsayin inda aka ɗauke shi a ɓoye a cikinsa. A farkon 2018 taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa ta fallasa wuraren sansanonin sojan Amurka a ƙasashen waje, saboda sojoji na gudu da ita a kunne. A yankin da ake satar mutane don kuɗin fansa, wallafa lambobin gida, rumbu, garken shanu ko hanyar da yara ke bi zuwa makaranta daidai yake da yi wa ɓarawo kwatance.

Yadda iyali ko makaranta za su fara

Hanya mafi sauƙi a yanki irin na Dayi ita ce wasa na cikin gida, wanda ba a wallafa lambobinsa a intanet. Malami ko babban yaya zai zaɓi wurare biyar ko shida a cikin harabar makaranta, filin ƙwallo ko gonar gida da ke jikin gari, bayan ya sanar da shugaban makaranta ko mai unguwa. A kowane wuri zai tsaya kamar minti guda har lambobin waya su natsu, ya rubuta su, ya dawo wani lokaci ya sake gwadawa. Mazubin ya zama roba mai haske da ake ganin cikinta, a rubuta a jikinta da Hausa cewa wasan yara ne, a kwashe duka a ranar. Abin da ke ciki bai wuce takarda da fensir da 'yan kyaututtuka irin su biro ko abin goge rubutu ba.

Ana raba yara rukuni-rukuni, kowane rukuni da babba guda da waya guda. Ɗaya na karanta lambobi, ɗaya na lura da gabas da yamma, ɗaya na ƙirga taku, ɗaya na rubutu. A kowane zango ana iya saka tambayar da amsarta ke cike gurbin lambar zango na gaba: shekarar da aka ƙirƙiri Jihar Katsina, wato 1987, ko yawan ƙananan hukumominta, wato 34, ko sarautar da hakimin Malumfashi ke riƙe da ita, wato Galadiman Katsina. Ta haka lissafi da tarihi da labarin ƙasa ke haɗuwa a yammaci guda.

Lokaci ma abin dubawa ne. Da damina gonaki a rufe suke, kuma taka shukar wani rigima ce. Bayan kaka, lokacin hunturu, fili ya buɗe, rana ta yi sauƙi. Da bazara sai da sassafe ko bayan la'asar, da ruwan sha a hannu. Ba a zura hannu cikin rami, kogon bishiya ko tarin kara, saboda kunama da kububuwa. Sanda ake fara sakawa. Ba a fita bayan gari, ba a kai magariba, ba a tafiya ba tare da an gaya wa na gida inda aka nufa ba.

Matasan da suka ƙware za su iya ɗaukar mataki na gaba ta shiga OpenStreetMap, taswirar duniya ta kyauta da Steve Coast ya kafa a 2004, wadda kowa ke iya ƙara wa bayani. Ƙungiyar ɗalibai ta YouthMappers na da rassa a jami'o'in Najeriya da dama. Garuruwan karkara da yawa a Arewa har yanzu ɗigo ne kawai a taswirorin intanet, babu sunan unguwa, babu asibiti, babu makaranta. Saka wuraren amfanin jama'a irin su asibiti, makaranta, kasuwa, tasha da rijiyar burtsatse, tare da barin gidajen mutane da dukiyoyinsu a waje, aiki ne da ƙungiyar matasa goma masu waya biyu ko uku za su iya yi wa mazaɓarsu a rani guda.